Masauki Ɗaya a Mosko: Vagner Love, Musa Ma'azu da Ahmed Musa

Mutanen Damagaram ba su bukatar a karanta musu babin tafiya neman arziki, domin tun zamanin Sarki Tanimu ɗan Sulaimanu, wanda ya ƙarfafa ganuwar Birni ya kuma sa maƙera suka ƙera masa igwa, unguwar Zango ta kasance masaukin ayarin da ke tasowa daga Tarabulus da Gadamas da Gat, su ratsa Agadas da Damargu, su sauke kaya a nan su huta kafin su gangara Kano. Kuma har zuwa lokacin da Faransawa suka ci ƙasar a 1899, attajirai irin su Malam Yaro suna hulɗa da 'yan kasuwar da ke can bakin Bahar Rum. Wani abu da fataken wancan zamani suka sani, wanda jikokinsu masu zuwa cin rani Libiya da Aljeriya da Ikko ba su manta ba, shi ne kyawun haja kaɗai ba ya fitar da baƙo. Sai ya dace da fatoma nagari, wanda zai saukar da shi, ya nemo masa masu saye, ya tsaya masa idan ciniki ya rikice, ya kuma yi haƙuri da shi a shekarar da kasuwa ta ƙi. Ɗan ƙwallon da ya bar ƙasarsu ya tafi wasa a wata, falke ne wanda hajarsa tana jikinsa, ƙungiyar da ta ɗauke shi kuwa ita ce fatomarsa, kuma yawancin abin da zai samu ko ya rasa a 'yan shekarun ƙuruciyarsa yana rataye ne ga irin gidan da ƙaddara ta sauke shi.

Idan aka shiga gidajen kallo na Sabon Gari ko na Zango ranar Asabar da dare, ko aka zauna a fada inda samari ke dafa shayi suna gardama, sunayen 'yan Barazil da za a ji ba su wuce Ronaldo da Ronaldinyo da Kaka da Neimar da Binisiyus, wato waɗanda suka sa rigar Real Madrid ko Barcelona. Da wuya a ji mai ambaton Vagner Love, alhali kuwa tarihinsa ya fi na waɗancan kusa da mu, saboda a gidan da ya yi suna, ƙungiyar CSKA ta birnin Mosko, nan ne ɗan ƙwallon da ya fi kowa shahara a tarihin Nijar ya sauka a 2009, nan ne kuma wani yaro da Kano Pillars ta fito da shi ya sauka a 2012. Mutum uku, masauki ɗaya, kowa da abin da ya tashi da shi.

Kafin a shiga labarinsa, ya kamata a san abin da ya sa ƙasar da ta ɗauki kofin duniya har sau 5 ta zama ita ce kan gaba wajen tura 'ya'yanta waje, har ya kasance a kowace shekara akwai 'yan Barazil fiye da 1,000 suna wasa a ƙungiyoyin wasu ƙasashe. Dalilin farko sananne ne, ƙungiyoyin gida suna fama da bashi, albashi yakan yi jinkiri, kuɗin sayar da yaro guda kuwa yakan toshe ramin shekara. Dalili na biyu na shari'a ne. A watan Disamba 1995 kotun Tarayyar Turai ta yanke hukunci a ƙarar wani ɗan wasan Beljiyam mai suna Bosman, ta ce wanda wa'adin kwantiraginsa ya cika yana da ikon tafiya inda ya so ba tare da an biya tsohuwar ƙungiyarsa ba, ta kuma hana a ƙayyade yawan 'yan Tarayyar da ƙungiya za ta sa a fili. Sai guraben baƙi suka zama na 'yan Kudancin Amurka da Afirka. A Barazil ma, dokar 1998 da ake kira da sunan Pele, wanda ya riƙe ministan wasanni a lokacin, ta soke tsohon tsarin da ke ɗaure ɗan wasa ga ƙungiyarsa ko da kwantiragi ya ƙare. Wanda ya karanta babin ijara a littattafan fiƙihun Malikiyya zai gane lamarin nan take: aiki sananne, lada sananne, ajali sananne. Abin da ƙungiya ke saya da miliyoyinta shi ne ragowar ajalin da ke hannun wata ƙungiyar, saboda haka mai yaro yakan yi gaggawar sayarwa tun ajalin bai ƙare ya tashi a tutar babu ba.

An haifi Vagner Silva de Souza ranar 11 ga Yuni 1984 a Riyo de Janero, ya tashi a unguwar Bangu da ke can yammacin birnin, nesa da bakin tekun da masu yawon buɗe ido suka sani. A ƙungiyar Palmeiras ta Sao Paulo ya fito, kuma ya fito ne a lokacin da wannan babban gida ya faɗa rukuni na biyu, abin da magoya bayansa suka ɗauka a matsayin wulakanci. A 2003, yana ɗan shekara 19, ya ci ƙwallo 19 a gasar, ya fi kowa, Palmeiras ta koma rukuni na ɗaya. Laƙabin Love da ya bi shi har ya danne sunansa na yanka ya samo asali ne daga wani rashin ji na ƙuruciya a sansanin 'yan wasa, kuma ba shi ne abin da ya dame mu a nan ba. A tsakiyar 2004 CSKA ta saye shi.

Mai karatu na iya tambaya, me ya kai ɗan Riyo birnin da ƙanƙara ke rufe ƙasa watanni, inda sanyin da muke kuka da shi a tsakiyar hunturun Damagaram zai zama musu ranar shan iska? Kuɗin mai ne ya kai shi. CSKA asalinta ƙungiyar sojojin Tarayyar Sobiyet ce, ta shiga hannun ɗan kasuwa Yevgeni Giner a 2001, sa'an nan a 2004 kamfanin mai na Sibneft, mallakar Roman Abramovich, wanda bai daɗe da sayen Chelsea ba, ya ƙulla yarjejeniyar ba ta dala miliyan 54 cikin shekara 3. Da irin wannan kuɗi mai horarwa Valeri Gazzaev ya haɗa samarin Rasha, irin su mai tsaron gida Igor Akinfeev da Yuri Zhirkov da tagwayen Berezutski, da baƙi kaɗan zaɓaɓɓu, cikinsu da Daniel Carvalho ɗan Barazil da Chidi Odiah ɗan Nijeriya. Wani abin dariya, ƙuri'ar gasar zakarun Turai ta wannan shekara ta jefa CSKA rukuni ɗaya da Chelsea, kuma a karawar da aka yi a Mosko, wadda Chelsea ta ci ɗaya da nema, sabon baƙon ya sami bugun fenareti ya ɗaga ƙwallon ta bi ta saman raga. A wani gidan da wannan ta isa a fara yi masa kallon asara. CSKA ta ƙare ta uku a rukunin, ta gangara gasar kofin UEFA, kuma a nan ne Allah ya ajiye rabonta.

Ta fitar da Benfica, bayan da sanyin Fabrairu ya tilasta mata karɓar baƙuncinta a Krasnodar da ke kudancin Rasha, ta fitar da Partizan da Auxerre da Parma, sai ga ta a wasan ƙarshe ranar 18 ga Mayu 2005 a Lisbon. Tun kafin a fara gasar aka zaɓi filin José Alvalade domin wasan ƙarshe, sai kuma ya kasance ƙungiyar da ke da filin, Sporting, ita ce abokiyar karawa. Ma'ana an gayyaci CSKA ne ta zo ta shaida bikin masu gida. Haka kuwa abin ya fara, domin kafin hutun rabin lokaci Rogério, shi ma ɗan Barazil ne, ya ci wa Sporting. Da aka dawo sai Carvalho ya ɗauki ragamar wasan, ya ɗago wa Aleksei Berezutski ya farke da ka, ya zura wa Zhirkov ya ci ta biyu. Abin da masu tuna wannan dare suka fi tunawa ya faru ne a minti na 75: Sporting ta kawo hari, ƙwallo ta iske Rogério yana tsaye taku biyu daga bakin raga, ta bugi jikinsa ta daki turke ta faɗa hannun Akinfeev, kafin mutanen Lisbon su sauke hannuwansu daga ka, ƙwallon ta isa wurin Carvalho a ɓangaren hagu, ya tsallakar da ita, mai tsaron gida Ricardo ya fito ya kuskure ta, Vagner ya tarar da raga babu kowa ya shigar da ita. Aka tashi 3 da 1. Tun da aka fara gasannin ƙungiyoyin Turai babu ƙungiyar Rasha da ta taɓa ɗaukar babban kofi sai a wannan dare, kuma wanda ya rufe ƙofar yaro ne da bai cika shekara 21 ba.

Bisa al'adar kasuwar ƙwallo, irin wannan dare tsani ne, mai shi yakan yi shekara ɗaya ko biyu ya wuce Ingila ko Italiya ko Sifen. Abokinsa Jô, wanda ya zo Mosko bayansa a 2006, haka ya yi, Manchester City ta saye shi a 2008 da kuɗi mai tsoka, kuma bai yi abin kirki a can ba. Vagner kuwa ya zauna. Ya ɗauki gasar Rasha a 2005 da 2006, ya fi kowa ci a 2008 da ƙwallo 20, ya fi kowa ci a kofin UEFA na kakar 2008 zuwa 2009 da ƙwallo 11, duk da cewa ƙungiyarsa, bayan ta fitar da Aston Villa, ta tsaya a zagayen 'yan 16 a hannun Shakhtar Donetsk, wadda ita ma da 'yan Barazil biyar ta je ta ɗauki kofin. Kitsonsa mai launin shuɗi, launin ƙungiyar, ya zama alama a filayen Rasha. A rigar ƙasarsa ya ɗauki kofin Kudancin Amurka a 2004 da 2007, har ma yana cikin waɗanda suka fara wasan ƙarshe da aka lallasa Ajantina 3 da nema a Benezuwela, amma ba a taɓa tafiya da shi gasar kofin duniya ba, kuma ba na shakka nisan Mosko daga idon 'yan jaridar Riyo yana cikin dalilai.

Kada a ɗauka zaman nan na son rai ne tsantsa. Ya sha bayyana cewa yana son tafiya, kuma kusan kowace shekara jaridu sukan haɗa sunansa da wata ƙungiya ta yamma. Sai dai maigidan da ke da kuɗin mai ba ya cikin matsin da zai sa ya karya farashi, albashin da ake ba shi a Mosko kuwa ƙungiyoyi kaɗan ne za su iya biya. Masu cewa ya ɓata baiwarsa a gasar da ba a kallo suna da hujja. Ni dai a ganina hujjar ba ta cika ba, domin mutumin da ya ci wa gida ɗaya ƙwallo fiye da 120, aka jure masa makara daga hutu da son shagali saboda an san abin da zai yi ranar wasa, ya sami abin da ɗaruruwan 'yan ƙasarsu da suka zauna a benci a Ingila da Italiya ba su samu ba.

A ƙarshen 2008 Gazzaev ya sauka, a farkon 2009 aka kawo Ziko, gwarzon Flamengo da Barazil, ya zama mai horarwa, kuma a zamaninsa ne labarin ya iso ƙofarmu. Musa Ma'azu, haifaffen Yamai a ranar 25 ga Agusta 1988, ya taso ne a AS FAN, ƙungiyar sojojin Nijar, ya tafi Lokeren ta Beljiyam a farkon 2008, kuma cikin shekara guda tsawonsa da gudunsa suka sa manyan ƙungiyoyi suka fara aiko masu leƙe. A farkon 2009 CSKA ta biya kusan yuro miliyan 5 a kansa, abin da ya haura sefa miliyar 3, kuɗin da ba a taɓa jin an biya a kan ɗan Nijar ba. Daga ƙungiyar soja ya fito, a ƙungiyar soja ya sauka, ya tarar da Vagner a kan ganiyarsa yana riƙe da gurbin da shi ma yake nema.

Sai dai gidan da ya tarar ba shi ne gidan da Vagner ya tarar a 2004 ba. Vagner ya sami mai horarwa ɗaya na tsawon shekara huɗu da rabi, da ɗan ƙasarsu a gefensa wanda za su yi hira da harshen gida, da ƙungiya mai tasowa wadda ba a ɗora mata nauyin komai ba tukuna. Ma'azu kuwa a cikin watanni tara ya ga masu horarwa uku: aka sallami Ziko a watan Satumba, aka kawo Juande Ramos ɗan Sifen wanda bai cika wata biyu ba, sa'an nan aka naɗa Leonid Slutski, kuma kowane sabon mai horarwa da idonsa yake zuwa, ba ya jin nauyin kuɗin da wani ya sa aka kashe. Ya ci ƙwallo 3 a gasar Rasha, a watan Janairu 2010 aka ba da shi aro ga Monaco. A can ya nuna cewa hajar ba ta da aibi, ya ci ƙwallaye a gasar Faransa, shi ne kuma ya ci wadda ta fitar da Lens a ƙarin lokaci ta kai Monaco wasan ƙarshe na kofin Faransa, inda Paris Saint-Germain ta doke su ɗaya da nema. Da a ce an bar shi a nan, la'alla da labarin ya sauya. Amma ajalinsa yana hannun Mosko, Mosko kuwa tana neman mayar da kuɗinta, sai aka tura shi Bordeaux, abin bai yi daɗi ba, ya koma Monaco a farkon 2011, gwiwa ta tsinke masa tun bai zauna ba.

Daga nan sai yawo: Zulte Waregem, Le Mans, Étoile du Sahel ta Tunisiya, Guimarães da Marítimo a Fotugal, inda ya sake farfaɗowa, Changchun Yatai a ƙasar Sin, Randers a Danmak, Ajaccio, Lens, Ohod ta Madina, har zuwa Luksambur. Bai cika yin shekara biyu a gida ɗaya ba. Masauki guda da bai taɓa juya masa baya ba shi ne filin Janar Seyni Kunce, inda ranar 10 ga Oktoba 2010 ya ci ƙwallon da Mena, ƙungiyar ƙasar Nijar, ta doke Masar da ita, Masar ɗin da ta ɗauki kofin Afirka sau uku a jere a 2006 da 2008 da 2010. A shekara mai zuwa ya ci Afirka ta Kudu a wasan da aka tashi 2 da 1, kuma da waɗannan nasarori na gida ne 'yan wasan mai horarwa Haruna Dula suka kai Nijar gasar kofin Afirka ta 2012, karo na farko a tarihi, a ranar da 'yan Afirka ta Kudu suka yi ta rawa a filinsu bisa zaton su ne suka wuce, saboda ba su karanta ƙa'idar gasar da kyau ba. Duk wanda ya ga yadda babura suka cika titunan Zinder a wannan maraice ya san matsayin Ma'azu a zukatan mutane, ko da kasuwar Turai ta yi masa wani lissafin dabam.

Mu koma ga Vagner, domin a shekarar da Ma'azu ya zo ne kewar gida ta ci ƙarfinsa. A watan Agusta 2009 ya roƙi a ba da shi aro ga Palmeiras, wadda ke jan ragamar gasar Barazil a lokacin. Ƙungiyar ta zame a ƙarshen kaka, magoya baya suka ɗora masa laifi, har wasu daga cikinsu suka tare shi a bakin wani banki a Sao Paulo suka kai masa duka. Wanda Rashawa ke rera wa waƙa, ga shi ana dukansa a gidan da ya fitar daga rukuni na biyu. Ya koma Flamengo, ƙungiyar da yake so tun yana yaro, ya haɗu da Adriano suka yi watanni suna ci, aron ya ƙare, ya koma Mosko a tsakiyar 2010. A watan Janairu 2012 Flamengo ta saye shi dungurungum, a kan za ta biya kashi-kashi, ya yi ban kwana da hawaye, ya je ya tarar da Ronaldinyo. Shekara guda bayan haka Flamengo ta kasa cika alkawarin biya, kuma tun da ba a biya kuɗin haja ba, haja ta koma wurin mai ita: a watan Janairu 2013 sai ga Vagner a Mosko karo na uku.

A watan da ya tafi Flamengo ne CSKA ta kawo Ahmed Musa daga VVV-Venlo ta Holan. Haifaffen Jos ne a 1992, amma Kano ce ta san shi, domin a Kano Pillars ya ci ƙwallo 18 a kakar 2009 zuwa 2010, adadin da babu wanda ya taɓa kaiwa a gasar Nijeriya kafin shi. Kuma tsakanin Kano da Damagaram tafiyar kilomita 240 ce ko kusa da haka, ta Daura da Matamaye, alhali Yamai tana can kusan kilomita 900, saboda haka samarin nan suna ɗaukarsa nasu. Shi ya dace da abin da Ma'azu ya rasa, wato mai horarwa ɗaya, Slutski, tun daga ranar da ya zo har ranar da ya tafi. Da ɗan gaban ƙungiyar, Seydou Doumbia ɗan Kwaddibuwa, ya kwanta jinyar baya, aka ɗauko Musa daga gefe aka sa shi a tsakiyar gaba, ya riƙe gurbin. Da Vagner ya dawo, sai ya ja baya kaɗan yana rarraba ƙwallo, yaron yana gudu a gabansa. A wannan rabin shekara suka ɗauki gasar Rasha, wadda CSKA ta yi shekara bakwai tana nema, sa'an nan ranar 1 ga Yuni 2013 a birnin Grozni suka ɗauki kofin ƙasar a hannun Anzhi ta su Samuel Eto'o, bayan an tashi kunnen doki ɗaya da ɗaya aka je bugun fenareti, kuma Musa ne ya ci ta CSKA. Ya ƙara ɗaukar gasar a 2014 da 2016 kafin Leicester ta saye shi da fam miliyan 16 da ɗoriya. Ingila ba ta karɓe shi ba, kuma da ya ga gasar kofin duniya ta 2018 tana matsowa yana zaune a benci, tsohon masaukinsa ya nufa aro, ya murmure, ya je Volgograd ya ci Aisland biyu.

Ragowar tafiyar Vagner ba ta bukatar dogon bayani, ko da yake ta fi ta mutane da yawa albarka. A tsakiyar 2013 ya tafi Shandong Luneng ta ƙasar Sin, ya ɗauki kofin ƙasar a 2014; ya koma Corinthians a 2015, ya ci 14, cikinsu da wadda ya farke wa ƙungiyar a gidan Vasco da Gama ranar da ta tabbata zakarar Barazil. Ya yi rabin shekara a Monaco a 2016, daidai lokacin da wani yaro mai suna Mbappé ke fara leƙo kai. Aka ce ya tsufa, sai ya tafi Alanyaspor, ƙaramar ƙungiyar da ta hau rukunin farko na Turkiyya a karo na farko, ya ci 23 ya fi kowa a ƙasar yana da shekara 32. Beşiktaş ta biyo baya, sai Corinthians kuma, inda ya ci ƙwallon da ta ba ta kofin jihar Sao Paulo a 2019 ana dab da tashi. Sai Kairat ta Almati a Kazakistan, wadda ya taimaka ta ɗauki gasar 2020 bayan shekara 16 tana jira. Sai Midtjylland a Danmak. Sa'an nan ya koma gida, Sport ta Recife da wasunta, yana wasa har ya haura shekara 40. Wanda ya jera garuruwan nan kusa da na Ma'azu zai ga abin mamaki, domin Mosko da Monaco da Sin da Danmak duk sun bi ta cikinsu, ba tare da sun shirya ba. Hanyoyin wannan fatauci ƙididdigaggu ne, dillalan da ke riƙe da su ma haka.

To, ina Damagaram a cikin wannan lissafi? Garin da Espoir ta ɗauko masa kambin gasar Nijar a 1984, shekara guda bayan Jangorzo ta kai shi Maraɗi, bai rasa yara masu ƙafa ba, kuma duk wanda ya tsaya kallon gasar unguwanni ta lokacin babban hutu zai shaida. Abin da Palmeiras ke da shi a kan Vagner, AS FAN a kan Ma'azu, Pillars a kan Musa, shi ne takarda. Dokar FIFA ta hana a fitar da yaro zuwa wata ƙasa kafin ya cika shekara 18, in ban da 'yan togaciya kaɗan, kuma ta wajabta cewa duk lokacin da aka sayar da ɗan wasa daga wata ƙasa zuwa wata alhali kwantiraginsa bai ƙare ba, a cire kashi 5 cikin 100 na kuɗin a raba wa ƙungiyoyin da suka raine shi tun daga shekara 12 har zuwa 23, kowace gwargwadon shekarun da ya yi a hannunta. A cinikin da ya kai sefa miliyar 3, wannan kaso ya kai miliyan 150. Tun daga 2022 wani ofishi da FIFA ta buɗe a Faris ne ke bin sawun irin waɗannan kuɗi, kuma ba ya duban kowa sai sunayen da hukumar ƙwallon ƙasa, FENIFOOT a wurinmu, ta shigar a rajistarta ta kwamfuta. Yaron da ya yi shekara biyar yana wasa a filin unguwa a Garin Malam ko Kara-Kara ba tare da lasisi ba, sa'an nan wani dillali ya ɗauke shi zuwa Yamai ko Kano aka fara rubuta sunansa a can, a idon wannan ofishi daga can ya fara ƙwallo, kuma can za a aika da kason.